Fitilun LED Da Makantar Dare A Titunan Abuja: Inda Gyara Ya Kamata Ya Fara

Mafi yawan ma'aikatan da ke cika ofisoshin Sakatariyar Tarayya ba a tsakiyar birni suke kwana ba. Daga Kubwa, Suleja, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Nyanya, Mararaba da Masaka suke fitowa, wasu tun kafin a kira assalatu domin gudun cunkoso, kuma da yawansu ba sa komawa gida sai bayan magariba. Ke nan wani babban kaso na zaman da suke yi a kan titi a cikin duhu yake wucewa. A 'yan shekarun nan wannan duhu ya zo da wata sabuwar fitina, wato wani farin haske mai ratsin shuɗi da ke fitowa daga gaban motoci, ya daki ido, ya bar direban da ke fuskantarsa yana lalube. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya ɗauke wa direba gani na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar sama da mita 80 bai ga rami ba, bai ga mai tsallaka titi ba, bai ga tirelar da ta mutu a gefen hanya babu alama ba.

Duk wanda abin ya dama yakan ɗora laifin a kan fitilun LED gaba ɗayansu, har a ji ana cewa gara a haramta su. Fushin yana da dalili, amma haramcin ba zai yi magani ba, domin sababbin motocin da ake ƙerawa a duniya sun riga sun koma kan wannan fasaha. Abin da ke makantar da mutane a hanyar Kuje ko ta Bwari shi ne haske da aka zuba a inda bai kamata ya je ba. Fitilar mota na'ura ce da aka auna ta da milimita, kuma Najeriya ta bar kasuwa tana wargaza wannan awo ba tare da kowa yana dubawa ba.

Aikin da aka ɗora wa ƙaramar fitilar gaba, wadda direbobi ke kira dim, aiki ne mai wuyar sha'ani. Ana so ta haska titi har nesa, a lokaci guda kuma kada ta taɓa idon mai tahowa, alhali tazarar da ke tsakanin buƙatun biyu ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Injiniyoyi sun warware wannan da abin da za a kira layin yanka: iyaka mai kaifi wadda ƙasanta haske ne, samanta duhu. Duk wanda ya tsayar da mota mai lafiyayyar fitila a gaban bango da dare zai ga layin ƙarara. A tsarin da Turai ke bi, wanda ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tanada, layin yana kwance a ɓangaren hagu, inda motoci ke tahowa, sannan ya ɗaga sama a ɓangaren dama domin ya haska allunan hanya da masu tafiya a ƙasa. Ana kuma sunkuyar da fitilar da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, ma'ana layin ya sauka da santimita 10 a kowace mita 10. A wajen gwaji akwai wani ɗigo na musamman da ke wakiltar idon direban da ke tahowa daga nisan mita 50, kuma an ƙayyade iyakar hasken da aka yarda ya faɗa wurin. Idan aka lissafa, tsakanin layin yanka da wannan ido bai wuce kimanin mita ɗaya ba a wannan nisa. A ma'aunin kusurwa, digiri ɗaya ne da 'yan kai. A kan wannan siririn gibi lafiyar idon kowa ta rataya.

Tsohon ƙwan halojin yana samar da haskensa daga wata siririyar waya da aka nannaɗe, tsawonta bai wuce 'yan milimita ba, tana ci tana watsa haske ta kowace fuska. A bayanta akwai kwano mai sheƙi kamar madubi, wanda aka lanƙwasa shi bisa lissafin cewa wayar tana zaune a wani wuri guda ƙayyadadde. Kowane sashe na kwanon yana ɗaukar hoton wayar ya jefa shi wani yanki na titi, sai hotunan su taru su zama shimfiɗar hasken da direba ke gani. A ƙwan da ake kira H4, wanda ya cika tsofaffin motoci, har da wata 'yar marfi a ƙarƙashin wayar dim, wadda ita ce ke yanke hasken da zai tashi sama. Akwai kuma fitila mai ƙwallon gilashi a gaba, wadda kwanonta ke tattara haske a wuri guda, a sa wani faifan ƙarfe ya datse rabinsa, sannan gilashin ya cilla abin da ya rage zuwa titi da layi mai kaifi kamar an ja shi da rula.

LED daban take tun daga tushe. Ɗan faifai ne shimfiɗaɗɗe da ke fitar da haske ta fuska ɗaya kawai. Asalin haskenta shuɗi ne, sai an shafe ta da wani sinadari mai mayar da wani ɓangare nasa rawaya kafin gaurayen ya zama fari. Wannan shuɗiyar LED ita ce ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Zafinta kuma ba ya bin haske ya fita ta gaba kamar na halojin, a bayanta yake taruwa, don haka sai an yi mata ƙarfen shan zafi, wani lokaci har da 'yar fanka, in ba haka ba haskenta ya dushe, kwananta ya ƙare da wuri. Saboda waɗannan bambance-bambance, kamfanonin motoci ba su ɗauki LED sun cusa ta cikin tsohon kwano ba. Sabon kwano da sabon gilashi suka zana mata tun daga farko. Lexus LS 600h ce ta fara fitowa da dim na LED wajen 2007, Audi R8 ta biyo baya a 2008 da fitilar gaba wadda gaba ɗayanta LED ce. Shekaru aka kwashe ana lissafi kafin a kai ga haka.

Abin da ake sayarwa a shagunan kayan gyara, daga Ladipo ta Legas har zuwa Apo, shi ne ƙoƙarin tsallake wannan lissafi da kuɗi kaɗan. Ƙwai ne mai gindi irin na halojin, amma a maimakon waya an manna faya-fayan LED biyu baya da baya a jikin wani allo. Mai wayarin zai zare tsohon ƙwai ya zura sabon cikin mintuna goma, mai mota ya ga gaban motarsa ya yi fari fat, ya biya yana murna. Sai dai allon yana da kauri, ke nan kowane faifai ya goce daga wurin da kwanon ke tsammanin samun haske. Sama da ƙasan allon kuma babu haske sam, don haka wasu sassan kwanon sun zama marasa aiki, wasu kuma suna karɓar fiye da kima. A kwanon da tazarar wayarsa da bayansa ba ta wuce santimita biyu ko uku ba, gocewar milimita ɗaya na iya karkatar da wani ɓangare na hasken da kusan digiri biyu. A nisan mita 50 wannan ya haura mita ɗaya da rabi, wato ya cinye gibin nan gaba ɗaya ya zarce cikin idon mai tahowa.

Abin takaicin shi ne wanda ya sayi ƙwan ma yawanci bai ci riba ba. Hasken da ya kamata ya tafi nesa ya tarwatse, wani ya zube a gindin mota, wani ya tashi kan bishiyoyi. Farin da ke gaban bamba yana sa ido ya tsuke, sai can nesa, inda haɗari yake, ya ƙara duhu. Direba yana jin kamar ya fi gani, alhali ya rage nisan ganinsa ne. Lambobin da ake bugawa a jikin kwali, masu alƙawarin dubban ma'aunin lumen, ba su faɗi komai game da inda hasken zai sauka. Ƙwan halojin H7 kimanin lumen 1,500 yake bayarwa, kuma idan kwanonsa na da kyau ya ishi mota tafiyar dare.

Launi ma ya shigo ciki. Hasken halojin yana wajen digiri 3,200 a ma'aunin Kelbin, mai ɗan ja-ja, na LED kuwa yakan kai 5,500 zuwa 6,000, wasu na kasuwa har su zarce. Ido ya fi jin zafin haske mai shuɗi, musamman idan ya fito daga ɗan ƙaramin wuri mai tsananin ƙarfi. Wanda shekarunsa suka ja, ko wanda yanar ido ta fara kama shi, ya fi daɗewa kafin ganinsa ya dawo. Ma'aikacin da ya kusa ritaya, wanda ya shafe shekara talatin yana bin hanyar Keffi, shi ne farkon wanda ke daina tuƙin dare, kuma sau da yawa yakan ɗauka idonsa ne kaɗai ya gaza.

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sun bi ta kan kwanon da ƙwan a haɗe. A Birtaniya, tun daga watan Janairun 2021, motar da aka sanya wa ƙwan LED a cikin kwanon halojin tana faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffin motoci na tarihi. Jamus ta bi wata hanya mai sassauci: a 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a kwanonsu ɗaya bayan ɗaya, ba ga kowace mota ba. Wannan ya nuna ana iya ƙera ƙwan maye mai kyau, ya kuma nuna cewa sai an gwada kafin a sani. A Amurka, cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta fara auna fitilun motoci a 2016, inda cikin motoci 31 da ta fara da su guda ɗaya tak, Toyota Prius v, ta samu shaidar mai kyau. Daga baya cibiyar ta gano cewa motocin da fitilunsu suka samu wannan shaida sun yi ƙarancin haɗarin dare na mota ɗaya da kashi 19 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu munanan fitilu. Ke nan fitila mai kyau tana ceton rai, kuma tsadar mota ba ta tabbatar da kyawun fitilarta.

Najeriya tana da nata ƙarin matsaloli da waɗancan ƙasashe ba su da su. Motocin tokumbo daga kasuwanni daban-daban suke shigowa, kowace da ƙa'idar da aka ƙera ta a kai. Na Amurka, waɗanda suka cika titunan Abuja, an yi su ne bisa dokar da ta fi sakin haske zuwa sama, ta yarda a ɗaga fitila har santimita 137 daga ƙasa, kuma ba ta wajabta na'urar daidaita tsayin haske ba. Tsarin Turai ya tsayar da iyaka a santimita 120, ya kuma daɗe yana wajabta cewa fitilar da ta haura lumen 2,000 ta zo da na'urar da ke daidaita ta da kanta da kuma abin wanke gilashinta. Babbar jif mai dogayen ƙafafu idan ta biyo bayan ƙaramar Corolla, fitilarta daidai take da madubin direban, ko da kuwa ba a taɓa ta ba.

Sannan ga motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972. Motar da aka ƙera domin Birtaniya ko Japan layin haskenta a hagu yake ɗagawa, domin can ne gefen titinsu. Bakanike zai sauya sitiyari da birki da dashbod, amma da wuya ya sauya fitila, sai motar ta ci gaba da jefa mafi ƙarfin haskenta kai tsaye cikin layin masu tahowa har ƙarshen rayuwarta. A ƙara da but da aka cika da buhunan doya daga Lokoja har gaban mota ya ɗaga, da gilashin roba da rana ta ƙona ya zama rawaya yana tarwatsa haske, da hazon hunturu da ke mayar da kowane ɓataccen haske wani farin labule. A wuraren da aikin hanya ya tilasta haɗe motoci masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, kamar yadda matafiya Kaduna suka sha fama, babu ko shingen tsakiya da zai kare ido.

Adalci ne a faɗi cewa mai sayen ƙwan nan ba mugunta ce ta kai shi ba. Fitilun kan titi a unguwannin bayan gari ko babu su ko sun mutu. Ramuka suna nan, tsoron 'yan fashi da masu garkuwa da mutane yana sa kowa son hango abin da ke gabansa tun daga nesa. Kuma idan kowa ya ƙara haske, wanda bai ƙara ba shi ne makaho, sai shi ma ya nufi kasuwa. Irin wannan tsere ba ya tsayawa da wa'azi. Hukuma ce kaɗai ke iya tsayar da shi, domin ita ce ke iya sa kowa ya sauke a lokaci guda.

Hukuma kuma ba ta rasa madogara ba. A 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1958 kan ƙa'idojin ƙera motoci da kayayyakinsu, da kuma ta 1997 kan duba lafiyar motoci lokaci-lokaci. Ma'aunin layin yanka da iyakar hasken da ya halatta ya shiga ido duk suna cikin ƙa'idojin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar farko, babu buƙatar a kafa kwamitin da zai ƙirƙiro su. Abin da ya rage shi ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta ɗauki ƙwan fitilar gaba a matsayin kayan kare rai kamar taya, ta hana shigo da wanda ba shi da shaidar an gwada shi a cikin kwanon da aka ce ya dace da shi. Tare kaya a tashar jirgin ruwa ya fi sauƙi a kan farautar motoci ɗaya bayan ɗaya a Nyanya.

Duba motoci ma yana buƙatar sauya tambaya. Tambayar da aka saba yi ita ce ko fitila tana kamawa. Wadda ta dace ita ce ina haskenta ke sauka. Na'urar auna wannan akwati ne mai gilashi a kan taya, ana tura shi gaban mota a karanta cikin minti biyu. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO ba su da hurumin tare motoci a hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Ko ma yaya mutum ya kalli wannan hukunci, awon fitila dama ba aikin bakin titi ba ne, domin yana buƙatar daɓe mai daidaito da mota a tsaye. Wurinsa shi ne cibiyar duba motoci, lokacin sabunta takardu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda ke wayar da kan direbobi a tashoshin mota duk ƙarshen shekara, za ta iya sanya wannan cikin darasinta, ta kuma koya wa masu wayarin na Apo da Kugbo yadda ake saita fitila, tunda hannunsu ne ke taɓa ta kafin na kowa.

Sai dai akwai wurin da gwamnati za ta fara ba tare da jiran doka ko kasafi ba, wato motocinta. Ma'aikatu da hukumomin tarayya suna da ɗimbin motoci, kuma kowa a Abuja ya san ayarin manya da ke ratsa titin filin jirgin sama da fulayit a kunne, an jera wa motocin rakiya dogayen sandunan LED a kan bamba da rufi. Irin waɗannan sanduna an yi su ne domin daji da gona, ba su da layin yanka ko kaɗan. Hujjar tsaro ba ta tsaya da ƙafarta a nan ba, domin direban da aka makantar a gaban ayari shi kansa haɗari ne ga ayarin. Takarda guda daga ofishin babban sakatare ko shugaban ma'aikatan wani babba ta isa ta hana kunna su a cikin gari. Hadimin da ke tsara tafiyar mai gidansa yana da damar faɗar wannan fiye da kowane jami'in hanya, wanda ba zai iya tsayar da ayarin ba.

Haka nan wajen saye. Jami'in da ke rubuta bayanin motar da ma'aikata za ta saya yakan lissafa girman inji da launin kujeru, ya bar fitila. Layi biyu za su wadatar: fitila ta kasance ta tuƙin hannun dama mai shaidar amincewa, kuma ta zo da na'urar daidaita tsayi. Wasu manyan motocin da ake saya yanzu ma suna da fasahar da ta wuce haka. Tun 2013 Audi ta fito da fitila mai ƙananan LED da yawa waɗanda kyamara ke kashe wasunsu ɗaya-ɗaya, ta yadda fulayit zai ci gaba da haska titi amma ya bar inuwa daidai kan motar da ke tahowa. Amurka ba ta halatta irin wannan ba sai a watan Fabrairun 2022. Amfaninta ya dogara ga kyamarar da ke manne a gilashin gaba, don haka idan aka sauya gilashin ba a sake saita kyamarar ba, inuwar sai ta faɗa inda babu kowa. Kwangilar kula da motoci da ba ta ambaci wannan ba ta bar kuɗin gwamnati ya tafi a banza.

Jami'in sufuri na kowace ma'aikata zai iya gwada motocinsa a yammaci guda da alli da tef ɗin awo. A tsayar da mota a daɓe mai daidaito, mita 10 daga bango, tayoyi da iskar da ta dace, direba a zaune. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bango a wannan tsayi, a kunna dim. Layin yanka ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da layin allin, ko gwargwadon kason da aka buga a jikin fitilar, wanda a motocin tsarin Turai yakan zama 1.0 ko 1.2 cikin ɗari. Idan ya haura, akwai sukurun saiti a bayan kwanon. Idan ɗagawar layin a hagu take, fitilar ta wata ƙasa ce, sai an sauya ta. Idan kuwa babu layi sam, sai wani farin gajimare da ya bazu a bango, to a buɗe bonet a duba ƙwan da aka sa. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari, wanda ake murzawa domin sunkuyar da fitila idan an yi lodi, kuma akwai direbobin gwamnati da suka shekara goma suna tuƙi ba wanda ya taɓa gaya musu aikinsa.